Malamin da Ya Shige Tanti

Kun san shi. Sau nawa kuka gan shi ya wuce ƙofar gidan uwarsa a unguwar Hindawiyya bai tsaya ba, kuka kau da kai, kuka ce maganar gida ce? To, yau ku saurara.

An yi wani mutum a garin nan na Jidda, haifaffen nan, jikan alhazai. Allah ya ba shi karatu, yana koyar da adabi a wata makaranta a unguwar Aziziyya. Ya ƙware a tatsuniyoyin yaƙi na Girkawan da. Akwai wadda ya fi so: ta jarumin da aka ɓata wa rai, ya shige tantinsa ya ƙi fita fagen daga, har amininsa ya sa sulkensa ya fita a madadinsa, aka kashe shi. Yakan ce wa ɗalibai, "Tantin nan girman kai ne. Sulken kuwa nauyin da Allah ya ɗora maka ne. In ka ajiye shi, mai ƙaunarka ne zai ɗauka, kuma zai fi ƙarfinsa."

Ya 'yan uwa, akwai kuskure a fassarar nan? Babu.

Sai ƙanwarsa Ruba ta haihu, aka sa wa jaririn sunan ƙanensu Fawaz, ba nasa ba. Iyakar laifin ke nan. Ya ɗauke ƙafa. Alhali duk gidan shi kaɗai ke da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama a ƙasar, shi ke kai tsohuwarsu wankin ƙoda sau uku a mako.

Uwar ta kira shi a waya. "Ya waladi, ɗana, sunan jariri ne fa. Yalla, maza zo ka kai ni, ƙafafuna sun kumbura."

Ya ce, "Halas, Umma, magana ta ƙare. Mai takwara ya kai ki."

Fawaz kuwa shekara biyu da mutuwar iƙamarsa, ko unguwa ba ya bari. Amma yana kallon uwa tana numfashi da ƙyar. Sun yi kama da wansa, don haka ya ɗauki tsohon lasin tuƙin wan da ke ɗakin tsohuwa, ya ari motar maƙwabci. Mako uku yana kai ta. A na huɗu aka tsayar da su a shingen bincike, aka ɗora yatsansa a na'ura. A gaban idonta aka tafi da shi. Aka sa shi a jirgin Kano, garin da bai taɓa gani ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce.

Tsohuwa ba ta ƙara kwana goma ba. Makaranta ta sallami malam, tunda lasin nasa ne. Ranar zaman makoki ya shigo kansa a ƙasa. Ruba ta ɗora masa jaririn a cinya, ta ce, "Ga Fawaz. Shi kaɗai ya rage mana."

Wanda ya fassara tantin wani bai gane nasa ba. Ilimin da bai kai ka ƙofar uwarka ba, hujja ce a kanka ranar gobe. Ku kuma da kuka yi shiru, wa ya taɓa tare shi bayan sallah ya ce masa ya ji tsoron Allah?

Allah ya kiyaye mu da fushin da ke cinye zumunci.

Kai mai karatu, akwai wanda ka ɗauke wa ƙafa. Ka san sunansa. Ajiye takardar nan, ka je ka buga masa ƙofa kafin la'asar.