Ranar da Mutanen Tafki Suka Daina Kawo Kuka

A zamanin da, an yi wani Sarki mai suna Barmo, wanda ya gaji wata ƙasa ta bakin tafki da kakansa ya ci da yaƙi. Mutanenta masunta ne da manoma. Ran nan Sarki ya sa aka yi shela, cewa kada wani mutumin tafki ya sake tako fada da sunan kawo kuka, domin kunnensa ya gaji.

Da Waziri Gwadabe ya ji shelar, sai ya sunkuyar da kai. Tun gemunsa yana baƙi yake yi wa mutanen nan iso, ga shi yanzu ya yi fari fat. Ya san kukansu ciki da waje. Damina na faɗuwa sai a kwashe samarinsu zuwa ginin ganuwa, gonaki su koma daji. Kifin da suka yi banda ba su da ikon sayar wa kowa sai fataken Sarki. Wakilin da aka ɗora musu kuwa, Tunau, da harshen da ba sa ji yake musu shari'a, sai bulala ta sauka mutum ya san an kayar da shi.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar musu samarinsu ko zuwa girbi ne."

Sarki ya ce, "Waziri, tsufa ya kama ka. Kakana bai nemi shawararsu ba ranar da ya ci su."

Da shekara ta zagayo, dattawan tafki suka zo gaisuwa. Suka durƙusa, suka tashi, suka tafi, ba wanda ya ce uffan. Sarki ya tambayi malamai ma'anar wannan shiru, suka ce biyayya ce.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wata tambaya. Wani mutum akuyarsa kullum tana cin gonar maƙwabcinsa, maƙwabcin kullum yana ƙorafi. Rana ɗaya ya daina, sai gaisuwa kawai. Me ya faru?"

Sarki ya ce, "Ya haƙura."

"Ko kuma ya je wajen maƙeri."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ya ba shi riga don daɗin magana. Waziri ya karɓa ya yi godiya, ya koma gida yana jan ƙafa.

Da ruwa ya sauka, Tunau ya aika a tara samari. Ba wanda ya fito. Wata mata mai jiragen fito, ana ce mata Tabawa, ta riga ta zaga ƙauyuka ta haɗa kansu a kan magana ɗaya. Aka buga ganga daga wannan gaɓa har waccan, aka sa Tunau cikin jirgi aka ƙetarar da shi, aka janye jiragen duka cikin tsibirai. Sarki ya tura runduna, ta isa bakin ruwa ba abin hawa. Sauro da zazzaɓi suka yi ta cin dakaru, 'yan tafkin da ke cikinsu suka gudu wajen danginsu. Sauran suka dawo a rame.

Sai Sarki ya kira Waziri, ya ce, "Je ka gaya musu na ba su duk abin da suka roƙa."

Waziri ya tafi, gwiwoyinsa na ciwo. Tabawa ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Baba Waziri, wannan maganar mahaifina ya roƙa har ya rasu. Ɗana Jibo yana ƙarƙashin ganuwarku, katanga ta rufta masa, ko gawarsa ba a ba ni ba. Abin da ka kawo mana yau, ai yana hannunmu. Ka ce wa Sarki maƙwabtaka muke bayarwa, in yana so."

Waziri ya tashi ya yi mata sallama, don ba ta ƙara ko kalma a kan abin da ya sani ba.

Da ya dawo ya isar da saƙo, Sarki ya ga ba shi da wata mafita, ya amince. Aka sa bakin ruwa ya zama iyaka. Aka tuɓe Tunau, aka yi masa shari'a gaban waɗanda ya zalunta. Mutanen tafki suka naɗa nasu shugaban.

Waziri ya nemi izinin ajiye aiki ya huta. Yana cikin sallama, sai Sarkin Dogarai ya shigo ya ce ga mutanen ƙasar duwatsu a ƙofa, waɗanda su ma kakan Sarki ya ci, sun zo da kuka.

Sarki ya dubi tsohon, ya ce a hankali, "A shigo da su. Waziri, zauna tukuna."

Waziri ya yi ajiyar zuciya, ya ajiye sandarsa, ya zauna.