Hannun Gwamma da Maraƙi Ɗaya

Ku gyara zama, ga wata gare ku, kuma ba mai tashi sai an yanke hukunci.

A wani ƙauye an yi wata mace, Gwamma, mai taurin kai kamar ƙotar gatari. Da mijinta ya rasu aka ce ta ba da gonar aro, ta ce ba da ranta ba. Ta noma dawa, ta yi kyau. Ranar sussuka aka ɗauko injin haya, maza suka ce ta koma gefe. Ta ce, "Ni na shuka, ni zan zuba." Kuskurenta ɗaya, kunyar surukai ta hana ta ajiye mayafi. Bel ɗin da ke juya injin ya fizgi mayafin, ya haɗa da hannunta na dama.

Mai injin ya zagaya, ba wanda ya iya kashe shi. Jatau, ƙanen mijinta, ya cusa ƙotar fartanya cikin bel, inji ya tsaya a karye. Mai shi ya dawo yana kumfar baki, Jatau ya ce, "Malam, kayan inji na kasuwa. Hannu fa, a wace rumfa?"

Jini na zuba, wani dattijo ya kawo baƙin mai a shafa. Lantana maƙwabciyarta ta tare shi: "Baba, yi haƙuri, mutum ce, ba inji ba." Ta cire ɗankwalinta a gaban maza, ta ɗaure raunin tam, ta ɗaga hannun sama.

Jama'a suka ce a kai ta wurin mai ɗori, wai asibiti yankewa suke yi. Nomau mai babur bai tsaya musu ba. Ya ɗora su ita da Lantana, ya keta yashi, inda babur ya kafe ya sauka ya tura, har gari.

A asibiti likita ya ce da Jatau, Lantana ko Nomau ɗayansu ya yi sanyi, da ba hannu, wataƙila ba rai. Yatsu biyu dai sun tafi. Masu "ai mun faɗa" suka zo dubiya, Gwamma ta ɗaga musu ukun da suka rage: "Waɗannan sun isa riƙe lauje. Baɗi ma ni zan zuba, mayafin ne zai kwana a gida."

Maraƙi ɗaya gare ta, ta kuma rantse ba yanka, ba rabo, na wanda ya ceci hannunta ne. To, Jatau, Lantana ko Nomau, wa za ta miƙa wa igiyar?