Ranar da Gizo Ya Cinye Gidansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi fari, ko ƙuda bai faɗa saƙar Gizo ba. A gidansu kuwa akwai al'ada: in yunwa ta matsa, sai a cinye zaren da ya tsufa, a sami ƙarfin saƙa sabo. Da haka kakanninsa suke kaiwa damina.

Matarsa Ƙoƙi ta tsinto masa ruɓaɓɓun zarurruka. Ya ci, ya saƙa sababbi, gida ya yi ƙwari. Sai ya lashe baki ya ce, "Na gefen nan ma ya tsufa."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, jiya ka saƙa shi a gabana."

"Daga cikina ya fito, cikina zai koma."

Ya ci gefe, ya ci tsakiya, saura zare ɗaya da ya riƙe su a reshe. A ƙasa Kaza na kiwo tana ɗaga kai.

Ƙoƙi ta fusata. "Wane irin mugun ciki gare ka? An ce ka share ɗaki, ka koma cin azara? Ka taɓa wannan, mun rabu."

"Lasa kawai zan yi."

Ta yi tsaki ta tsallaka reshe. Gizo ya lasa, ya gatsa, zare ya tsinke.

Kaza ta haɗiye shi ta ce, "Duk farin nan ban ci ƙosasshe irin wannan ba."

Ƙurunƙus kan ɓera. Da Gizo zan jingina wa ƙaryata, ga shi can cikin Kaza.