Injin da Anka Mayar wa Mai Shi

Wani mutum anka yi nan Paris, 'yan uwa. Sunanshi ba zai amfane ku ba, halinshi nike so ku riƙe.

Shina da butik, wato shago, a unguwar Château Rouge, 'yar ƙarama, in mutum biyu sun shiga sai na uku ya jira waje. Amma ran Asabar layi har bakin titi. Mi ke kawo mutane? Yaji da ƙuli-ƙuli. Matan garinsu, can ƙasar Maraɗi, su ke yi, matafiya su ɗauko mishi cikin jakunkuna. Wanda ya ɗanɗana yajin nan, ko can nesa a Clichy-sous-Bois shike sai ya biyo sawu.

Da kasuwa ta buɗe mishi, ya yi abin kirki, ni kuwa ba ni ɓoye alherin mutum. Ya ga matan nan da turmi da taɓarya suke fama, tafin hannu duk kanta. Ya sayi injin niƙa ya aika musu. Wadda ke soya gyaɗa tiya guda ta koma buhu. Mai itace ya samu ciniki, wani ma ya kafa teburin leda da kwalabe nan gefen rumfar injin. Gari ya motsa. Da ya kama bakinshi daga nan, wa zai kamo shi a lada?

To, bakin ne bai kamu ba. In ya kira gida, gaisuwa rabi, sai zancen inji. Anka yi suna gidan wata, ya ce da injinshi anka sayi ragon. Wata ta yi sabon zane, ya ce ai shi ya ɗaura mata. Matan suna ji, suna haɗiyewa.

Akwai wata ɗiyar garin, Ruwaida, ta ƙare karatu a Lyon, tana zaune Vaulx-en-Velin nan gefen birnin, tana son fara 'yar sana'a. Ta kira Aya Sahadatou, tsohuwar da ke shugabantar matan, ta roƙi a riƙa aiko mata yaji. Aya ta ce bismilla, kaya sun wadata.

Labari ya kai Paris. Ya kira tsohuwar su yi magana tsakaninsu? Ina! Vokal ya naɗa, wato saƙon murya, ya jefa cikin gurup na 'yan garin a waya, inda maigari shike, da mazan matan nan, da ɗiyansu na ƙetare. Ya ce: "A gaya ma Sahadatou, kafin injina mi ta sani in ba dakan wahala ba? Duk abin da ya fito bakin injin nan nawa ne."

Sahadatou, haka gatsau, ba Aya ba Inna. Matar da ta goya shi damina guda lokacin da uwarshi ke kwance. Ku gaya mini, bashin goyo da wane inji ake biyanshi?

Aya ta tara matan. Ran kasuwar garin, ido na ganin ido, matan sunka kwance injin, sunka goge shi tas, sunka lulluɓe da sabon zane, sunka aza bisa amalanken shanu har ƙofar gidan ubanshi. Aya ta ce ma ƙanenshi: "Ka ce mun gode, Allah ya saka. Turminmu bai taɓa yi muna gori ba."

Da mai injin ya ji, dariya ya yi, ya ce in kafaɗa ta fara ciwo za su dawo. Matan sunka yi daka wata da watanni, ba wadda ta waiwayo. 'Yan garin da ke Lyon sunka haɗa hannu a ɓoye, sabon inji ya sauka rumfar, har yau ba a san wa ya ba da mi ba.

Shi kuwa ya nemo yajin wani wuri ya zuba cikin irin ledarshi ta da. Ana ruɗin ido, ba a ruɗin harshe. Mata masu saye sunka kai gida, sunka barbaɗa, sunka gane. Layin Asabar ya ragu, ya ɓace. Har ya wuni shi da kujerarshi, daga ƙarshe ya miƙa ma mai gida makulli. Yanzu kwalayen kaya shike saukewa ƙofar butik ɗin wasu, a titin da a da ake ce mishi Alhaji tun bai je Makka ba.

Da wuya ta kai wuya, ya hau jirgin ƙasa ya tafi Lyon, ya tsaya gaban Ruwaida kai ƙasa, shina roƙon ta ɗan sam mishi yajin ya riƙa yawo da shi. Ta ce sai ta tambayi masu kaya. Ta kira Aya nan gabanshi, murya a buɗe. Tsohuwar ta ce: "Ba shi, ɗiyata. Kuma ko da wasa kada ki taɓa tuna mishi kin ba shi."

Mutumin ya tuna gorin da ya yi mata, kunya ta rufe shi. Ya juya ya fita, bai ɗauki ko ƙulli ɗaya ba.

'Yan uwa, ku da ke aika keken ɗinki gida, da masu aika firjin ƙanƙara, da masu ba ƙannensu jari, da ku nike. Malamai sun gaya muna gori na cinye lada kamar yadda gara ke cin zana: daga waje tana tsaye, taɓa ta ka gani. Talaka na iya haƙuri da yunwa, ba ya haƙuri da a tsirara shi gaban ɗiyanshi. In ka ba mutum abin sana'a, ka ba shi har da 'yancin sayar ma wanda ya ga dama. In ba ka iyawa, riƙe abinka, ya fi maka sauƙi gobe kiyama.

Allah ya kiyaye mu da harshen da ke rushe abin da hannu ya gina. Ya sa mu bayar mu manta, in an ba mu kuma kada mu manta. Amin.