Audugatu Ta Ƙi Sauka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Can a wani kurmi na bayan teku, Zaki ya sa a raba daji. Kowane dangi da wurinsa, ba mai taɓa na wani. Ya ba Gizo aikin rabon. Gizo fa! Ni da ina wurin da na ce a sake shawara.

To akwai wata 'yar dabba, Audugatu, mai gashi kamar auduga. Tun kakanninta a kan wata ƙatuwar bishiya suke. Gizo kuwa ya daɗe yana kwaɗayin ya sare bishiyar ya yi gawayi.

Ya zo da gatari ya ce, "Ke, wane dangi ce?"

Ta ce, "Nawa."

Ya kira ɓeraye. Suka ce, "Fuskar tamu ce, amma ba ta shiga rami. Ba tamu ba ce."

Ya kira birai. Suka ce, "Tana lilo da wutsiya kamar mu, amma dubi bakin nan tsinini! Ba tamu ba."

Ya kira tumaki. Suka shinshina gashin, suka ce, "Tunkiya a kan bishiya? Allah ya sawwaƙe!"

Gizo ya yi tsalle. "Kin ji ko? Marar dangi ba shi da wuri. Sauko!"

"Ba na sauka."

"Zan kai ki gaban Zaki!"

"Kai ni. Da ni da bishiyar za ka ɗauka."

Sai ga Zaki da kansa, hayaniya ta kawo shi. Gizo ya zube. "Ranka ya daɗe, ita kaɗai ce tal. Ana dangi da mutum ɗaya?"

Ran Audugatu ya ɓaci ƙwarai. Ta miƙe a kan reshe, ta buɗe wani aljihu da ke cikinta. Sai ga kawuna ƙanana suna leƙowa, wannan na ture wancan.

Ta ce, "Ga dangin. Wanda ya rasa sunan da zai kira mu, wannan damuwarsa ce. A nan aka haife su, a nan za su haifi nasu."

Zaki ya dubi Gizo. "Kai fa, a wane dangi ka sa kanka?"

Gizo ya duba gabas, ya duba yamma. Ashe wajen haɗamar bishiyar wani, ya rabar da dajin kaf bai ware wa kansa ko taki ɗaya ba. Shi ya sa har yau yake raɓe a kusurwar ɗakin mutane, ana bin sa da tsintsiya.

Ku ji ni da kyau: don ba a san sunanka ba, kada ka yarda a tashe ka daga gidanku. Kuma ba a sare bishiya sai an duba wa ke samanta.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.