Ƙofar da Ta Ƙi Riƙe Fenti

Akwai wani mutum mai gida a bakin hanyar mota, ƙofarsa ta katako ce. Yana da ɗa guda, wanda ya ce shi ɗinki zai koya a birni, ba noma ba. Ran da yaron zai tafi, uban ya fusata, ya ɗaga gatari ya sari ƙofar, ya ce, "In ka fita ta nan, kada ka sake shigowa ta nan." Yaron kuwa ya fita.

Tun ba a ci sabon hatsi ba, kewa ta kama mutumin. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Mota na tsayawa, sai ya miƙe ya leƙa. To, ku ji dabararsa: duk shekara in Kirsimeti ya gabato, sai ya sayo koren fenti ya lafta wa ƙofar, wai in yaron ya hango ta tana ƙyalli, zai gane ana jiransa. Ba ya kankare tsohon, ko datti ba ya gogewa. Damina na sauka, ruwa ya bi ta wurin saran ya shige, fentin ya kumbura ya ɓare. Shekara ta zagayo, ya ƙara laftawa. Kai, taurin kai bai yi ba!

Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, ni ma kewar yaron nan ta ishe ni. Amma katakon nan ruɓewa yake yi ta ciki. Ka kankare mana."

Ya ce, "In na kankare, kowa zai ga abin da na yi."

Ta ce, "Ai kowa ya gani. Kai kaɗai kake ta rufewa."

Sai ya cire ƙofar, ya kwantar da ita a inuwa, ya ɗauki wuƙa. Kore a kan kore yake ta kankarewa, kowanne na shekarar da ya zauna jira. Da ya iso kan saran, ya tarar wurin ya yi baƙi, ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ya goge sauran da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Yana shafa ramin da yatsa, sai hawaye. Ya ce, "Wayyo ni! Ni na ce kada ya shigo, ban kuwa taɓa janye maganar ba."

Ya jingine ƙofar, ya zura riga, ya nufi tasha.

Matar ta ɗaga murya, "Fentin fa?"

Ya ce, "Katakon a jiƙe yake, bari ya bushe. In mun dawo da yaron, shi zai zaɓi launin."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: ƙofar zuciyarka ce, saran kuwa maganar nan ce da ka yaɓa wa wani, ka kuma san ta. Fentin shi ne sabon ɗinkin Lahadi, da "lafiya lau" da kake amsawa a bakin coci. Kana kewar ɗanka, ko ƙanwarka, ko tsohon abokinka, har kana yi masa addu'a. Madalla. Amma kewa ba tuba ba ce, Ubangiji kuma ba ya shafa sabon fenti a kan ruɓaɓɓen katako. Kankarewa da zafi, na sani.

Wanda kake jira, wataƙila shi ma yana can yana duban hanya, yana jiran kalma ɗaya daga bakinka. Ajiye gwangwanin fentin nan, ka tashi ka je.