Dutsen da Ke Hannun Hagu

"To idan ɗan sanda ya sauke maka kulki a ka, Makan, me hannun nan naka zai yi?"

Ina bayan ƙofa ina niƙan gero na ji Naran-kaka, dattijon ƙauyenmu, ya yi wannan tambayar. Niƙan ya tsaya mini cak.

Akwai wani ɗan kokawa a ƙauyenmu na bakin teku, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ba a kuma taɓa zaginsa ya kwana bai rama ba. Shi ne Makan, mijina. Ba na kiran sunansa, yau ma rubutu ne ya sa.

A shekarar ce Gandhi, wanda muke ce wa Bapu, ya taka da ƙafa har teku ya ɗebi gishiri, alhali Turawa sun hana ɗiba. Mazan ƙauyenmu suka ce su ma za su ɗebo. Sharaɗin shi ne ka damƙe gishirinka, kada ka saki, kuma ko an fasa maka kai kada ka rama.

"Ba zan rama ba, kaka," in ji mijina.

"Kai ɗin? Kai da ka cire wa Bhikha haƙori a kan akuya?"

Bhikha, maƙwabcinmu, ya ce, "Biyu ne, kaka, kada a rage mini."

Aka yi dariya, ban da Naran-kaka. Ya ce, "Mutum ɗaya ya rama, sun sami dalilin harbe mu duka. In ba za ka iya ba, zauna gida ka taya matarka kaɗin zare."

Mijina ya rantse zai iya.

Tun daga ranar na rasa sukuni. In ɗora gurasa ta ƙone, in kama zare ya tsinke. Domin yayana Dahya ɗan sanda ne, kuma a yankinmu yake aiki. Na san hannun mijina. Duka ɗaya zai yi, in rasa ɗan'uwa, bindiga kuma ta raba ni da miji.

Ranar ɗibar, mu mata muka tsaya gefe da tulunan ruwa da tsummokaran ɗaure rauni. Maza suka shiga taɓo, kowa ya damƙi gishiri. 'Yan sanda suka jeru. Idona ya faɗa kan Dahya a cikinsu.

Shugabansu ya nuna mijina. "Wancan ƙaton! Dahya, buɗe mini hannunsa!"

Dahya ya matso yana kallon ƙasa. "Suruki, don Allah ka saki. Gishiri ne fa kawai."

"To in gishiri ne kawai, me ya fito da ku da kulake?"

Kulkin ya sauka. Mijina ya durƙusa, hannunsa na hagu ya nutse cikin taɓo. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, irin yadda take yi kafin ya ɗaga mutum sama. Na rufe bakina da gefen mayafi.

Ya miƙe a hankali, jini na bin kunnensa, hannayensa biyu a dunƙule a gefensa.

Ya ce, "Ƙara mana, Dahya. Shugabanka na kallo. In ba ka buga da kyau ba, kai za a kora, ga Innarku ba ta da mai ciyar da ita sai kai."

Dahya ya ɗaga kulkin. Ya tsaya a sama, ya ƙi saukowa. Can sai ya yar da shi cikin taɓo, ya kwance ɗamararsa ya ajiye a kai. Shugaban na ta ihu, Dahya ko waiwaye bai yi ba. Sauran suka ci gaba da duka da kame, amma ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Dahya ne ya goyo mijina har gida. Bhikha na biye da su da kumburarren ido yana cewa, "Ashe ƙato ma ana goya shi!"

Tsakar gida ta cika. Ni kuma ina ɗaki ina wanke mijina. Na ɓamɓare hannun dama, gishiri ne ya jiƙe da jini, farcensa ya huda tafin. Hagun ya ƙi buɗuwa.

Na ce masa, da "ku" ɗin da muke girmama miji da shi, "Kuna ji? Ku saki, an gama."

Ya saki. Dutse ne mai kaifi, cike da tafin hannu, taɓo bai bushe a jikinsa ba.

Ya kawar da kai, ya kira sunana. "Sanda na durƙusa na ɗauka. Har na zaɓi inda zan sa wa Dahya, Kanku. Nan, gefen ido."

Daga waje na jiyo Naran-kaka yana cewa, "Kun ga mutum? Ko ɗigon fushi babu a zuciyarsa!" Dahya kuma yana kuka.

Na ɗauki dutsen na tura ƙarƙashin randa. Na yanke a raina cewa babu wanda zai ji daga bakina a ƙauyen nan, ko kaka, ko Dahya.

Darasi: Mai haƙuri ba shi ne wanda ba ya jin fushi ba. Shi ne wanda dutse ke hannunsa, ya san inda zai jefa, ya kuma riƙe. Ku isar da wannan ga duk mai saurin hannu da kuka sani, kafin ya saki nasa.